Tsakanin "Ka" da "Ki"

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake wallahi na yi iya ƙoƙarina in manta, da ranar da wata Hajiya mai sayar da atamfa ta zaunar da ni a birnin Lyon ta koya mini Hausa. Ni fa, haifaffiyar Damagaram, wadda ta tashi tana gyara wa ƙannenta magana a tsakar gida.

Lokacin ina shekarar ƙarshe ta karatun ilimin halayyar ɗan Adam, kuma dole ne kowane ɗalibi ya yi wata shida yana koyon aiki kafin a ba shi takardarsa. Ni na samu wuri a wata ƙaramar cibiyar ba da shawara a unguwar La Guillotière, hawa na biyu, saman shagon wani Balarabe mai gasa kaji (har yau in na ji ƙamshin gasasshiyar kaza sai in ji kamar in tambayi na kusa da ni abin da ke damunsa). Masu zuwa wurinmu galibi kashi biyu ne. Akwai waɗanda ƙwaƙwalwarsu ke aiki ta wata hanya daban, kamar masu otizim da waɗanda hankalinsu ba ya zama wuri ɗaya. Akwai kuma waɗanda soyayyarsu, ko yadda suke jin kansu tsakanin mace da namiji, bai bi layin da jama'a suka shata ba. Wasu sun haɗa duka biyun. Dokar gidan kuwa ɗaya ce: ba gyara mutum ake yi ba, sauraronsa ake yi, kuma in duniya ce ta matse shi, ba a ɗora masa laifin.

Shugabata, Madam Odil, dattijuwar Bafaranshiya ce mai furfura da takalmin gudu, ba ta da yawan magana. Ita ta tura ni horo na kwana uku a Montreuil, can gefen Paris. To, nan ne fa kaina ya kumbura. Na dawo da littafi cike da manyan kalmomi, ina jin duk faɗin Faransa ba a yi mai fahimtar ɗan Adam kamata ba. An ma koya mana wata sabuwar kalma da Faransawa suka ƙirƙiro don mutumin da ba ya son a ce masa "shi" ko "ita". A jirgin ƙasa kan hanyar komawa Lyon na zauna ina ta jin tausayin Hausa. Da Faransanci sai ka wuni kana magana da mutum ba ka nuna mace ce ko namiji ba. Mu kuwa ko ruwa za ka miƙa, sai ka zaɓa: ka sha, ko ki sha. Na girgiza kai na ce a raina, kaico, an bar harshenmu a baya.

Bayan mako biyu Madam Odil ta ajiye mini wata takarda a kan tebur. Sunan da ke jiki Barka (da izini nake ba da labarin nan, sharaɗi ɗaya aka kafa mini, kada in rage komai don in kāre kaina). Shekara ashirin da huɗu, asalin gida Maraɗi, karatun na'ura mai ƙwaƙwalwa a nan Lyon. Bara likitoci suka tabbatar da otizim. A wurin da ake zaɓar mace ko namiji kuwa, an ja layi an soke akwatunan biyu. Kusan wata biyu ke nan Barka ba zuwa aji, ba fita daga ɗaki sai dole. Kafin mu an gwada masu ba da shawara biyu: na farko ya cinye lokacin yana tambayar labarin Afirka, na biyu ya nace sai an zaɓi akwati ɗaya. A ƙasan takardar akwai rubutun hannun Barka, gajere: "Wannan ne gwaji na ƙarshe. In bai yi ba, na daina neman taimako."

An nemi mai jin Hausa ne saboda yayar mahaifiyar Barka, wata Hajiya mai shago a unguwar Château Rouge, za ta taso daga Paris ta zauna a zaman farko, ita kuma Faransancinta na ciniki ne kawai.

Madam Odil ta ce, "Ke za ki jagoranta. Ni zan zauna a kusurwa in yi shiru."

Na koma gida na yi shiri kashi biyu. Na farko, maganar "ka" da "ki". Na yi ta tunani har na gano mafita da na ga babu kamarta: zan yi amfani da "ku". Ba mace, ba namiji, ga ladabi a ciki. Na tsaya gaban madubi ina maimaitawa, ina yaba wa kaina. Shiri na biyu kuwa Hajiya. Ban taɓa ganinta ba, amma na riga na gama zana ta a kaina: za ta zo da faɗa, da wa'azi, da barazanar mayar da Barka gida. A horon Paris an ja mana kunne musamman a kan dangin da ke amsa tambaya a madadin mai matsalar. Na ce to, Hajiya, kin gamu da daidai ke.

Ranar Alhamis na shirya ɗaki tsaf. Na rage hasken fitila, na rufe taga saboda ƙarar taragon titi, na cire agogon bango mai ƙas-ƙas na ɓoye shi a ɗakin shayi. Ƙarfe biyu daidai, ba ƙari ba ragi, aka ƙwanƙwasa.

Ƙamshin humra ne ya fara shigowa, sannan Hajiya, mace mai jiki da cika ido, da mayafi ruwan zuma, da wata ƙatuwar kula a hannu. A bayanta Barka, baƙin wando da riga mai hula, abin toshe ƙara a kunne, ana juya murfin biro tsakanin yatsu. Muka yi gaisuwa da Hajiya irin ta gida, tun daga hanya da sanyi da iyali har mutanen Damagaram da ba ta sani ba. Sannan na juya na ce, "Barka da zuwa, Barka." (Wannan ma sai da na gwada shi a madubi don kada in yi dariya.) "Ina gajiya?"

Amsar ta zo ba kwana-kwana: "Akwai. Tarago ya cika, wani na cin lemu kusa da ni, kuma fitilar matakalarku tana ƙara."

Na ji daɗi ƙwarai. Na ce a raina, ga shi an fara buɗe mini zuciya tun ba a zauna ba.

Suka zauna a kujeru biyu, da tukunyar fulawa a tsakaninsu. An koya mana kada mu ƙura wa mai otizim ido, don haka ni ƴar ƙwarai sai na kafa idona a kan fulawar nan, na tausasa murya, na ce, "To, me ya kawo ku wurinmu?"

Hajiya ta gyara zama. "Wallahi ɗiyata, damuwa ta kawo mu. Hankalina ba kwance yake ba."

Na ce a raina, an fara. Na sake duban fulawa. "Yaya barcinku a kwanakin nan?"

"Barci kam sai a hankali," in ji Hajiya. "Gwiwar ga ta hagu, in sanyi ya shigo, kamar ana buga mini ƙusa. Likita ya ce in rage nauyi. Na ce mishi ya rage nashi tukuna."

"Hayaniya fa, tana damunku?"

"Château Rouge kike tambaya ko wani wuri? Ɗiyata, mai kifi na ihu, mai masara na ihu, ƴan sanda na busa. Ai ni shiru ne ke sa mini ciwon kai yanzu."

Na saci kallon Barka. Ido na kan ƙasa, murfin biro na ta juyawa, baki a rufe. Na rubuta a littafina: "Hajiya ta danne komai." Na ja layi biyu a ƙarƙashi. Can a kusurwa Madam Odil, wadda ko "sannu" ba ta ji da Hausa, tana ta gyaɗa kai, don ta ga ana magana mai tsawo kuma murya a kwance.

Haka muka yi ta tafiya. Na tambayi cin abinci, Hajiya ta ba ni labarin sukarinta. Na tambayi abokai, ta lissafa mini matan adashinsu. Da na ce, "Akwai wanda kuke jin ya fahimce ku a gida?" sai ta ce tun rasuwar mijinta Alhaji ba ta da abokin shawara, har ta sa bakin mayafi ta share ido. Na ji tausayinta, amma na danne, don a ganina dabara ce ta janye hankali. Lokaci na tafiya, rabin sa'a ta wuce, kuma kalmomin nan na ƙasan takarda suna ta yi mini yawo a kai: gwaji na ƙarshe. Sai na yanke shawarar in jefa babbar tambaya, wadda na tabbata Hajiya ba ta isa ta amsa ba.

Na dubi fulawa na ce, "Tun yaushe kuka fara jin cewa abin da jama'a ke tsammani daga mace ko namiji bai dace da ku ba?"

Hajiya ta ɗan ja baya. Ta gyara mayafi. Ta yi tunani na gaskiya, sannan ta ce, "To... ban taɓa faɗa ma kowa ba. Amma tun sa'ad da na fara tuƙa mota da kaina zuwa Kano sarin kaya, dangin Alhaji ke cewa na cika halin maza. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba."

Nan fa haƙurina ya ƙare. Na rufe littafi da ƙarfi, na miƙe tsaye (Allah ya sani ban san abin da ya tashe ni tsaye ba, ba a koya mana wannan a Paris ba), na dubi Hajiya ido cikin ido.

"Hajiya, da girmanku da komai, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Wannan ɗaki wuri ne da ake ba wanda aka hana magana damar magana. Tun da kuka shigo kun tare komai. Kun hana su buɗe baki. Don Allah ku bar su su faɗi abin da ke ransu!"

Hajiya ta waiga bayanta. Ta dubi ƙofa. Ta leƙa har wajen Madam Odil. Sannan ta dawo da ido kaina ta ce, "Su wa? Akwai wasu da ke tafe ne?"

Sai na ga hannun Barka ya ɗaga, an zare abin kunne a hankali.

"Pardon. Tambaya goma sha ɗaya kika yi. Ɗaya tawa ce, ta gajiya, kuma na amsa. Sauran goma kin ce 'ku', kina duban fulawa. 'Ku' na manya ne, ko na mutane da yawa. Ni shekarata ashirin da huɗu, kuma ba ni da yawa. Na ɗauka da Inna aka fara, ina jiran a zo kaina."

Jama'a, na sha jin kunya a rayuwata. Na taɓa faɗuwa a gaban surukan yayata da tiren shayi a hannu. Amma wannan daban ce. Ina tsaye ƙiƙam a tsakiyar ɗaki, yatsana bai gama sauka daga nuna Hajiya ba, zufa na bin bayana a cikin sanyin Lyon. Baiwar Allah ta biyo jirgi tun daga Paris, ta amsa duk abin da na tambaye ta tsakani da Allah, har da sirrin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ni kuma na saka mata da wa'azi. Barka da na zo cetowa kuwa, ni ce na hana wa magana rabin sa'a cur.

Na koma kujera. Bakina ya fara zuba ba tare da izinina ba. Na ce ai takardar ce, ai akwatunan ne, ai horon Paris ne, ai Hausa ce ba ta da kalmar. Daga ƙarshe dai gaskiya ta fito da ƙaramar murya: "Ban san ko 'ka' zan ce ko 'ki' ba."

Hajiya ta dube ni. Kafaɗunta suka fara rawa. Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke sa mutum dafa gwiwa, har ta manta gwiwar ciwo ce ta dafa.

"Shi ke nan? Wanga abu ne ya sa kika tona mini asirin gwiwa da na dangin Alhaji? Ɗiyata, shekara nawa kika yi kina karatu a lakkol? Duk ba a koya miki tambaya ba?"

Ta share hawayen dariya, ta juya wajen Barka, ta ce, "An ji yunwa?"

"An ji."

"A ci dambu yanzu ko sai an gama?"

"Sai an gama."

Ta juyo gare ni ta buɗe tafin hannu. "Kin gani? Mi ya yi wuya a nan?"

Sai kuma muryarta ta sauka, dariyar ta tafi.

"Ni ban yi lakkol ba. Abin ga da Barka ke faɗa mini, ban gane shi duka ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, akwai ranakun da nake kai kukana ga Allah bisa sallaya. Amma ina da ido. Na ga duk sa'ad da na yi kira da kalmar da aka saba, sai fuska ta rufe, a ture kwano, a shige ɗaki. Amanar ƙanwata ce a hannuna. Sai na zauna na ce, shekara talatin da ɗaya na yi da Alhaji, ban taɓa kama sunanshi ba, ban taɓa ce mishi 'ka' ba. 'An dawo?' 'A kawo ruwa?' Haka uwata ta yi da ɗanta na fari har ta koma ga Allah. To abin da na yi ma ƙaton mutum mai gemu saboda kunya, shi zai gagare ni saboda ƙauna?"

Wallahi sai da idona ya ciko. Don a take na ji muryar mahaifiyata a tsakar gidanmu, kowace safiya ta Allah, tana ce wa babanmu, "An tashi lafiya?" Abin da na tafi har Paris nema, na dawo ina zagin harshenmu a kansa, ashe da shi aka yi mini reno.

Madam Odil, da ta ga an yi ihu, an yi dariya, an yi hawaye, ta kasa daurewa ta tambaya da Faransanci me ke faruwa. Na yi sauri na ce ƴar ƙaramar rashin fahimta ce. Sai muryar Barka ta katse ni: "Non, ba ƙarama ba ce." Nan aka fassara mata komai da Faransanci mai tsabta, tambaya bayan tambaya, da lambobinsu, har da tsayuwata da yatsana. Ba don mugunta ba, don dai a wurin Barka labari in ba cikakke ba ne to ƙarya ne. Madam Odil ta rufe fuska da littafinta, kafaɗunta na rawa. Da ta farfaɗo ta ce a koya mata kalmar. Ta yi ta fitar da "an" ta hanci irin nasu, Hajiya na cewa, "A'a, Madam, buɗe baki, ba mura kike ba."

Minti ashirin suka rage. Na haɗiye sauran girman kaina na yi abin da ya kamata in yi tun a bakin ƙofa. Na ce, "Barka, yaya ake so in yi magana?"

"Kamar Inna. Kuma a daina duban fulawa. A dubi kafaɗata, ya isa."

Na dubi kafaɗa na ce, "Me ya fi damuwa a yanzu?"

Sai magana ta ɓalle. Fitilun babban ajin jami'a masu sa ciwon kai. Malamin da ke kiran suna yana haɗawa da laƙabin da ba a so, a gaban ɗalibai fiye da ɗari. Takardun da kowace sai ta tambayi akwati. Gajiyar yin kamar kowa daga safe har yamma. Hajiya tana saurare, ko tari ba ta yi ba. Ni ma ban rubuta komai ba, don shafin da ke gabana yana ɗauke da layi biyun nan da na ja a ƙarƙashin sunanta, kuma ban so ta gani.

Ƙarfe uku daidai Barka na tsaye, abin kunne ya koma wurinsa. Ban yi ƙarfin halin tambayar ko za a dawo ba, kuma ba a ce mini komai ba. Hajiya ta buɗe kula ta zuba mana dambu da zogale a farantan shayinmu, ta dafa kaina ta ce, "Allah shi yi miki albarka, kina da zuciya mai kyau, kan ne dai ya yi zafi." Suka sauka.

Makon nan ban ji daɗin komai ba. In Barka an daina neman taimako, na san ba Hajiya ba ce sanadi, ba kuma Hausa ba. Abu ɗaya da na iya yi shi ne na hau kujera da kaina na canja fitilar matakala.

Alhamis ta zagayo. Tun biyu saura kwata nake zaune ina kallon ƙofa. Ƙarfe biyu daidai aka ƙwanƙwasa. Na buɗe, ga Barka, ba rakiya, murfin biro na juyawa.

Na dubi kafaɗa na ce, "An zo lafiya?"

"An zo. An canja fitila, na ji. Merci." Aka juya murfin biro. "Inna ta ba ni saƙo. Ta ce in gaishe ku. Ta ce in tabbatar na ce 'ku'."

Na yi dariya har na zauna a kan hannun kujera. A gefen bakin Barka ma na ga wani ɗan motsi, kuma na rantse murmushi ne. Bayan mako biyar aka koma aji, da takarda daga cibiyarmu mai neman a sauya wurin zama, a kuma gyara yadda ake kiran suna.

Yanzu shekarata uku a wannan aiki, kuma darasin da ya fi zama mini bai fito daga Montreuil ba. Kafin in buɗe littafi, baki nake fara buɗewa in tambayi mutum yadda ake so a yi magana. In na ga Hajiya da mayafi da kula, ba na rubuta mata hali kafin ta zauna. (In kun koma farkon labarin nan kun duba, ba za ku samu inda na ce wa Barka "ya" ko "ta" ba, kuma Hausar ba ta karye ba.) Tukunyar fulawar kuwa na mayar da ita bakin taga, don ta sha tambayoyin da suka ishe ta.